Ƙafar ƙadangare da reshen da yake hawa: tarihin binciken da ya ci fiye da rabin ƙarni

Shekara uku da suka wuce, ina tsakiyar darasin dabbobi masu jan ciki da ƴan ajina na CM2, sai wata yarinya da ke zaune kusa da taga ta ɗaga hannu. Ta ce, "Mushe, me ya sa tsaka take tafiya a rufin ɗaki kanta a ƙasa ba ta faɗowa, amma jan gwada ba ya iyawa, alhali ka ce dangi ɗaya ne?" Na duba littafin da ke hannuna. Abin da ke ciki bai wuce cewa ƙadangare yana da ƙafa huɗu, yana yin ƙwai, kuma zafin jikinsa yana bin zafin gari ba. Sai na ce mata haka Allah ya halicce su. Gaskiya na faɗa, amma ni da ita mun san ba abin da ta tambaya ke nan ba. Wanda ya tambaye ka yadda ake yin hauya, ka ce masa maƙeri ne ya yi ta, ba ka yi ƙarya ba, sai dai ya tashi kamar yadda ya zo.

Kunyar wannan rana ce ta sa da hutun damina ya zo na zauna neman abin da masana suka rubuta a kan siffar jikin ƙadangaru da wuraren da suke zama. Labarin da ya fi gamsar da ni ya fito daga nesa, daga tsibiran Karibiyan, waɗanda taswirar lakol ke kira Antiy. Ina so in ba malamai ƴan'uwana da iyaye wannan tarihi bi da bi, domin a cikinsa ana ganin yadda ake gina ilimi: wani ya kalla, wani ya auna, wani ya gwada, wani ya yi tuntuɓe ya gyara. Wannan ne abin da darussanmu na kimiyya suka fi rashi.

Tsibirai huɗu da ƙadangarunsu

A kudu da Florida ta ƙasar Amurka akwai manyan tsibirai huɗu. Akwai Kyuba, wadda tsawonta ya haura kilomita 1,000. Akwai Hisfaniyola, wadda ƙasashen Haiti da Jamhuriyar Dominikan suka raba. Sai Jamaika da Porto Riko. Ƙadangarun da suka cika waɗannan tsibirai sunansu anolis. Sunan ya samo asali daga harshen mutanen tsibiran, Faransawa suka ɗauka, kuma wani Bafaranshe mai suna François Daudin ya shigar da shi littattafan kimiyya a 1802. Yawancinsu ba su kai ƙadangarenmu girma ba. Namiji yana gyaɗa kai kamar jan gwada, yana kuma da wata fata a maƙogwaro da yake buɗewa kamar mafici, ja ko ruwan ɗorawa ko fara, kowane iri da launinsa. A ƙarƙashin yatsunsu akwai wani ɗan tafi mai layuka a jere, kamar zanen ƙasan takalmi, wanda ke taimaka musu maƙalewa a ganye mai santsi.

An san kusan iri 400 na anolis, kuma wajen 150 daga ciki a tsibiran Karibiyan suke. Kyuba kaɗai tana da fiye da 60. Porto Riko tana da kamar 10, Jamaika tana da 6 nata na asali. Tambayar da ta dami masana ita ce: ta yaya iri da yawa haka, duk masu cin ƙwari, suke zaune a daji ɗaya, wani lokaci a itace ɗaya, ba tare da ɗaya ya kori sauran ba?

Tsawon ƙarni na 19 da farkon na 20, aikin masana a tsibiran nan kamawa ne da ajiyewa. A kama ƙadangare, a jefa shi cikin kwalbar magani, a kai shi gidan adana kayan kimiyya a Turai ko Amurka, a ƙirga abin da za a ƙirga a jikinsa, a raɗa masa suna. Aikin ya yi amfani, don sai da suna ake gane abin da ake magana a kai. Amma kwalba ba ta faɗin reshen da aka kamo dabbar a kai. Ilimin wancan zamani ya yi kama da wanda ke cikin littafin ajina: jerin sunaye da siffofi, babu dalili.

Mutanen da suka fita da igiyar awo

Sauyi ya fara ne a kewayen wani malami na Jami'ar Harvard mai suna Ernest Williams, wanda ya rayu daga 1914 zuwa 1998, shi ne mai kula da sashen dabbobi masu jan ciki a gidan adana kayan jami'ar. A 1961, wani matashi mai suna Bruce Collette ya buga abin da ya lura da shi a birnin Habana na Kyuba da kudancin Florida: irin da ya fi hawa sama a itace ya fi yawan layuka a tafin yatsa. A 1964, ɗalibin Williams mai suna Stanley Rand ya buga nasa aikin daga Porto Riko. Abin da ya yi, ɗan CM2 ma zai iya. Duk ƙadangaren da ya gani, sai ya rubuta irinsa, ya auna nisan wurin da yake daga ƙasa, ya auna kaurin abin da yake kai, ya rubuta ko a rana yake ko a inuwa. Da lissafin ya taru, sai ga shi kowane iri yana da unguwarsa. Daji ɗaya ne, amma an raba shi hawa-hawa kamar gidan bene.

A 1972 Williams ya tattara wannan duka a wani dogon rubutu kan Porto Riko, ya ƙirƙiro kalmar ekomof, ma'ana rukunin dabbobi masu zama a wuri iri ɗaya, masu siffa iri ɗaya da ɗabi'a iri ɗaya, ko da ba dangi na kusa ba ne. Daga baya ya faɗaɗa bayanin zuwa tsibiran huɗu, rukunan suka tsaya a shida.

Na farko shi ne ƙaton ƙololuwa, mai zama can saman manyan itatuwa. Kore ne galibi, babban kai gare shi, kuma na Kyuba yakan kai kusan rabin mita har da wutsiya. Ban da ƙwari yana cin ƴaƴan itace da ƙananan ƙadangaru. Na biyu yana kai da komo tsakanin gangar itace da rassan sama da ganyaye, yana da faffaɗan tafin yatsa, yana kuma sauya launi. Na uku a gangar itace kawai yake, jikinsa a baje, wutsiya gajera, yana zagaya itace sama da ƙasa har da tafiya a kaikaice. Na huɗu yana zama a gindin itace, kansa na kallon ƙasa, yana jiran ƙwaro ya gilma ya diro masa. Shi ne mai dogayen ƙafafun baya, gwanin gudu da tsalle. Na biyar ɗan ciyawa ne, siriri, mai wutsiyar da ta ninka jikinsa sau biyu ko uku ko fiye. Na shida shi ne ɗan tsinke, mai gajerun ƙafafu da gajeriyar wutsiya da dogon baki, yana rarrafe a hankali a kan siraran rassa, launinsa kamar na busasshen reshe. Ɗan tsinken Porto Riko ya iya ɓuya har masana ba su raɗa masa suna ba sai a 1965, suka kira shi occultus, wato ɓoyayye.

Huɗu daga cikin rukunan nan suna nan a dukkan tsibiran huɗu. Ɗan ciyawa babu shi a Jamaika, ɗan gangar itace kuma sai a Kyuba da Hisfaniyola. Idan aka ajiye ɗan tsinken Kyuba kusa da na Jamaika, wanda bai ƙware ba zai rantse uwa ɗaya ta haife su.

Kama da wane

A nan ne gardama ta taso, kuma tana da fuska biyu. Mai yiwuwa ɗan tsinke ya samu sau ɗaya ne a tsibiri ɗaya, zuriyarsa ta bazu zuwa sauran a kan itatuwan da ambaliya ke turawa cikin teku. In haka ne, kamar da ke tsakaninsu ta gado ce, babu abin mamaki. Ko kuma kowane tsibiri ya fitar da nasa ɗan tsinken daga nasa kakan, siririn reshe ya tilasta musu siffa ɗaya. Williams ya karkata ga na biyu, yana dogara da aikin masu nazarin ƙasusuwa, amma a lokacin babu hujjar da za ta kashe bakin kowa.

Kafin a warware wannan, sai da aka amsa wata tambayar: shin tsawon ƙafa yana da wani amfani na zahiri, ko ido ne kawai ke ƙawata shi? Jonathan Losos, wanda ya yi karatu a hannun Williams a Harvard kafin ya tafi Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, ya shirya wa ƙadangaru tsere. Shi da abokin aikinsa Barry Sinervo suka buga sakamakon a 1989. Sun sa iri huɗu gudu a kan sanduna masu kauri daban-daban. A kan sanda mai kauri, masu dogayen ƙafafu sun yi wa sauran fintinkau. Da aka rage kaurin sanda, fifikonsu ya ɓace, suka riƙa zamewa da tuntuɓe, shi kuwa mai gajeriyar ƙafa yana tafiyarsa daram. Duk wanda ya taɓa ganin dogon mutum yana ƙoƙarin ƙetare kwazazzabo a kan siririn gungume ya san dalilin. Ke nan doguwar ƙafa riba ce a faffaɗan wuri, asara ce a kan tsinke.

Amsar tambayar dangantaka ta zo a 1998, shekarar da Williams ya rasu. Losos da abokan aikinsa, cikinsu har da masaniya ƴar Kyuba Lourdes Rodríguez Schettino, suka buga binciken ƙwayoyin gado, wato ADN, na iri masu yawa daga tsibiran huɗu. In ban da ƴan kaɗan, masu siffa ɗaya a tsibirai daban-daban ba dangin juna na kusa ba ne. Ɗan tsinken Jamaika ya fi kusa da ƙaton ƙololuwar Jamaika, wanda ba su yi kama ko kaɗan ba, fiye da ɗan tsinken Kyuba da suke kamar an tsaga kara. Iri shidan Jamaika duk daga kaka ɗaya suka fito, zuriyarsa ta rarrabu, wasu suka hau sama, wasu suka tsaya a gindi, wasu suka koma kan tsinke. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.

Wannan sakamako ya shiga cikin wata babbar muhawara. A 1989 masani Stephen Jay Gould ya yi iƙirarin cewa da za a mayar da tarihin halittu baya kamar kaset a sake kunnawa, abin da zai fito zai sha bamban da wanda muka sani, saboda tsautsayi da dace sun yi yawa a cikinsa. Tsibiran nan huɗu sun zama kamar an kunna kaset sau huɗu, kuma waƙar ta fito kusan iri ɗaya kowane karo. Sai dai binciken ya nuna ba a bi tsari ɗaya wajen fitowar rukunan ba: wanda ya riga fitowa a wannan tsibiri ba lalle shi ne ya riga a wancan ba.

Gwaji a ƙananan tsibirai, da tuntuɓen da aka yi

Charles Darwin, wanda ya fitar da littafinsa a 1859, ya bayyana cewa muhalli yana yi wa halittu tankaɗe da rairaya: a cikin ƴaƴan da aka haifa, waɗanda jikinsu ya fi dacewa da wurin sun fi tsira su hayayyafa, siffarsu ta yawaita a zuriya. Amma yana ganin abin yana tafiya a hankali ƙwarai, ta yadda mutum ba zai gani da idonsa ba a tsawon rayuwarsa. Ƙadangarun Bahamas, tarin tsibiran da ke arewa da Kyuba, su ne cikin waɗanda suka nuna abin ya fi haka sauri.

A 1977 da 1981, Thomas Schoener da matarsa Amy Schoener suka ɗebi wani anolis mai ruwan ƙasa, ɗan gindin itace, daga tsibirin Staniel Cay mai manyan itatuwa, suka saki biyar-biyar ko goma-goma a ƙananan tsibiran da babu ƙadangare, babu komai sai gajerun tsirrai masu siraran rassa. Niyyarsu su ga yadda ƙaramar zuriya ke ƙarewa. Da yawa suka ƙi ƙarewa, suka hayayyafa. A 1991 Losos ya je ya auna zuriyarsu a tsibirai 14, aka buga sakamakon a 1997: ƙafafun baya sun gajarta, kuma inda rassa suka fi siranta, nan ƙafa ta fi gajarta. Jaridu suka yi ta yayata cewa an ga sauyawar halitta cikin shekara 10 zuwa 14.

Wannan wurin ne na fi so malamai su lura da shi. Losos da kansa ya koma ya tuhumi sakamakonsa. Ku dubi ƴan kokowarmu. Na Tawa da na Damagaram ƙirji ɗaya, damtse ɗaya, amma horo ne ya gina su, kuma ɗan da ɗan kokowa ya haifa ba ya zuwa duniya da damtsen ubansa. To in ƙafar ƙadangare ma tana bin abin da ya taso yana takawa fa? Sai suka reni jarirai a ɗakin gwaji, wasu a kan faffaɗan katako, wasu a kan siraran sanduna. Sakamakon da suka buga a 2000 ya nuna waɗanda suka tashi a kan katako sun fi tsawon ƙafa. Ke nan wani ɓangare na abin da aka gani a Bahamas yana iya zama na reno, ba na gado ba. Bambancin da reno ya kawo ƙarami ne in an gwada da tazarar da ke tsakanin ɗan tsinke da ɗan gindin itace, amma ya isa ya rage ƙarfin maganar 1997. Mutumin da sunansa ya fita saboda wani sakamako, shi ne ya shirya gwajin da zai iya rushe shi, ya kuma buga abin da ya samu. Sau nawa mu malamai muke komawa gaban aji mu ce jiya na yi kuskure?

Maƙiyi, maƙwabci da guguwa

Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun ƙara tsauri. A 2003 aka zaɓi ƙananan tsibirai 12 a Bahamas, aka auna ƙadangarun kowanne aka yi musu alama, sannan a shida daga ciki aka saki wani babban ƙadangare mai naɗaɗɗiyar wutsiya, mai farauta a ƙasa, wanda ke cin anolis. Bayan wata shida, waɗanda suka tsira a tsibiran maƙiyin galibi masu dogayen ƙafafu ne, don su suka fi gudu. Amma a wannan tsakani ƙadangarun sun bar ƙasa sun koma kan rassa. Bayan wasu wata shida aka sake aunawa, sai ga ma'auni ya juya, masu gajerun ƙafafu ke tsira. Cikin shekara ɗaya, abin da ya ceci rai da farko ya zama abin da ke halakarwa, saboda dabbar ta sauya mazauni.

A 2004 guguwar teku mai suna Frances ta shafe ƙadangarun wasu ƙananan tsibirai kusa da Abaco. Masana suka mayar da asarar ta zama dama. A 2005 suka saki namiji ɗaya da mace ɗaya a kowane ɗaya daga tsibirai 7. Cikin shekara huɗu ƙafa ta gajarta a dukkan bakwai ɗin, amma tsibirin da iyayensa na farko suka fi tsawon ƙafa ya ci gaba da fin sauran. Muhalli ya ja kowa zuwa gefe ɗaya, dacen waɗanda suka fara sauka kuma bai goge ba. Gould da masu ja da shi kowa ya samu rabonsa.

A Florida kuma maƙwabci ne ya kawo sauyin. Anolis kore shi ne ɗan ƙasa a can, mai ruwan ƙasa baƙo ne daga Kyuba da Bahamas. A 1995 Todd Campbell ya saki baƙon a wasu ƙananan tsibirai, cikin ƴan watanni ɗan ƙasa ya ƙaura zuwa rassan sama. Bayan shekara 15, kamar zuriya 20 ɗaya bayan ɗaya, Yoel Stuart da abokan aikinsa suka tarar koren da ke zaune tare da baƙo ya fi faɗin tafin yatsa da yawan layuka. Wannan karon an koyi darasin baya: aka ɗebi ƙwai daga ɓangarorin biyu aka reni ƴaƴan a wuri ɗaya, bambancin bai tafi ba. Na gado ne. An buga wannan a 2014, kuma ya nuna a ƙaramin sikeli yadda gasa tsakanin iri biyu ke iya tura ɗaya zuwa sabon hawa na bene har jikinsa ya bi.

Na ƙarshe ya zo ne ba shiri. A 2017, Colin Donihue ya gama auna ƙadangarun wasu tsibirai biyu na Turks da Caicos, ya tafi, bayan kwana huɗu guguwar Irma ta afka musu, ta Maria ta biyo baya. Ya koma bayan mako shida. Waɗanda suka rage sun fi faɗin tafin yatsa da tsawon ƙafafun gaba, amma ƙafafun bayansu sun fi gajarta. Don ya gane dalili, ya ɗora ƙadangaru a kan sanda ya hura musu iska da injin share ganye, da raga a bayansu don kada su ji ciwo. Sai ya ga suna riƙe sanda da ƙafafun gaba, cinyoyin baya kuwa suna fitowa waje iska tana kama su kamar zanen da aka shanya. Mai doguwar cinya shi iska ke fara fizgewa.

Inda labarin ya tsaya

Kada a ɗauka komai ya shiga tsari. A manyan tsibiran akwai irin da ba su da takwara a ko'ina, kamar wani na Kyuba mai tafiyar hawainiya da ke fasa dodon koɗi da haƙoransa, da wasu masu zama a bakin rafi suna faɗawa ruwa in sun tsorata. Anolis ɗin da ke babban yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, waɗanda suka fi na tsibirai yawa, ba su rabu gida shida kamar haka ba. A ƙananan tsibiran gabashin Karibiyan kuwa iri ɗaya ne ko biyu a tsibiri. Inda suke biyu, galibi ɗaya babba ne ɗaya ƙarami, inda yake shi kaɗai sai ya zama matsakaici.

Akwai kuma shaidar daɗewa. A Jamhuriyar Dominikan ana haƙo ƙaron itace da ya daskare ya zama kamar dutse, wani lokaci da ƙaramar dabba a ciki. A 2015 Emma Sherratt da abokan aikinta suka duba anolis ɗin da ke cikin irin wannan ƙaro, masu shekara miliyan 15 zuwa 20, suka gane huɗu daga cikin rukunan yau. Abin da ke iya motsawa cikin shekara 15 ya zauna a kan tsari ɗaya na miliyoyin shekaru, domin itace bai daina samun gindi da ganga da tsinke ba.

Komawa aji

Wani uba ya tare ni a ƙofar lakol bayan ɗansa ya kai labarin nan gida. Ya ce, "Malam, ba dai maganar nan ta biri kake koya musu ba?" Na ce, "Alhaji, maganar ƙafar ƙadangare ce da sandar awo. Kai da kake ware bunsurun da ya fi kyau don garkenka na jajayen awaki, ka san abin da zaɓi ke yi wa zuriya. A can tsibiran, reshe da maƙiyi da iska ne ke yin zaɓin." Ya yi dariya ya ce in dai awaki ne ya fi ni sani. Ina ganin yawancin tsoron da iyaye ke ji yana zuwa ne daga jin sunan darasi ba tare da an nuna musu abin da aka auna ba, kuma laifin wannan namu ne.

Ita kuwa mai tambaya, kafin ta bar ajina na kai mata amsarta. A ƙarƙashin yatsun tsaka akwai layuka, a kan layukan akwai dubban ɗaruruwan gashi da ido ba ya gani, kowanne ya rarrabu a baki. Ba danƙo ba ne, ba tsotso ba ne. Gashin yana manne wa bango sosai har ɗan ƙarfin jan da ke tsakanin ƙananan ƙwayoyin abubuwa ya taru ya ɗauki nauyinta. Masana ƙarƙashin Kellar Autumn suka tabbatar da haka a farkon shekarun 2000. Jan gwada farce gare shi da dogayen ƙafafu, shi ya sa yake cin katangar laka da gudu amma gilashi ya gagare shi. Anolis yana da irin tafin tsaka, kuma ba daga gare ta ya gada ba, kowanne ya samu nasa daban.

Daga bara na mayar da aikin Rand aikin gida na mako ɗaya. Sharaɗi na farko, a ajiye danƙon harbi, ba a kashe komai. Kowane yaro ya rubuta abin da ya gani, a kan me yake, nisansa daga ƙasa, da lokacin. Ranar Litinin muka zuba a allo. Jan gwada ya taru a kan katanga da gindin dalbejiya da hantsi. Kulɓa, mai santsin jiki da gajerun ƙafafu, tana ƙasa cikin busassun ganye da gefen randa. Tsaka tana kusa da fitila da dare. Yaro ɗaya da ya je gona ya ga hawainiya a siririn reshe, ya ce yatsunta sun kama shi kamar awartaki. Na gaya musu waɗannan ba dangi na kusa ba ne kamar anolis, rabuwarsu ta daɗe ƙwarai, amma tambayar ɗaya ce. Sai wani daga bayan aji ya ce, "Mushe, to damo fa, me ya sa wutsiyarsa ba ta kai ta guza faɗi ba?" Na ce ya fara gaya mini inda kowannensu yake kwana da inda yake neman abinci. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce guza dai a bakin tafki yake ganinsa, yana iyo.

Wannan aiki ba ya bukatar ɗakin gwaji ko kuɗin ƙungiyar iyaye. Takarda ce da fensir da igiya mai ƙulli a kowane santimita 10. Malamin da ya gwada a Tawa ko Dogonduci ko Yamai, ina roƙonsa ya ajiye takardun yaran, mu haɗa su da namu a ƙarshen shekara mu ga ko unguwannin ƙadangarunmu ɗaya ne.